Allon Apakuki Mai Rami Takwas

Mijina Apakuki bai iya cewa a'a ba, kuma kada wani ya ɗauka yabonsa nake yi. Tun da aka ɗaura mana aure a cocin ƙauyensu na tsibiri muka tare a Lautoka, ban taɓa jin kalmar nan ta fita daga bakinsa ba, in dai ɗan'uwa ne ya zauna a tabarmarmu ya sunkuyar da kai ya ce kerekere. Kowa a Fiji ya san kerekere, roƙon da dangi ke yi wa dangi, kuma kowa ya san ba a ƙi. Amma masu hankali sun san yadda ake zama da abin. A tura kaya ƙarƙashin gado, a ce ya lalace, a ce na wurin aiki ne. Apakuki kuwa shi zai ɗauko maka da kansa, ya goge maka ƙura, ya raka ka bakin titi ya tsayar maka da tasi.

Mai walda ne, kuma ya iya aikinsa, wannan ba zan ci masa haƙƙi ba. Ƙarafunan tagogin unguwarmu rabinsu daga hannunsa suka fito. Dogo ne, ga faɗin ƙirji, ga murya ƙasa-ƙasa, in yana magana sai ka matso. Mutum mai irin wannan sana'a ya kamata a ce gidansa ya cika, amma namu kullum kamar jiya muka tare. Injin yankan ciyawa ya tafi. Injin kwalekwalen da ya saya bai taɓa shiga ruwa da shi ba, ya tafi. Firiji ya tafi da kifin da ke cikinsa. Akwai ranar da na dawo daga kasuwa, inda nake sayar da gwaza da rogo, na tarar da kicin ɗina ba ƙofa. Wai wani ɗan baffansa ne ke gini, ya ga ƙofar ta yi daidai da tasa. Da na fara faɗa sai ya ce, "Maman Ila, ai zan haɗa miki wata." Ya haɗa kuwa, ta fi ta farkon kyau, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi.

Duk waɗannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne maganar kwamfutar Ilaitia.

Ilaitia ɗanmu ne tilo, Ila muke ce masa. Tun yana sakandare yake yankan rake a lokacin hutu, da ya gama kuma ya shiga dako a tashar jiragen ruwa, duk don ya haɗa wa kansa kwamfuta. Bai saye ta a haɗe ba. Yau ya kawo wannan a leda, bayan wata biyu ya kawo wancan, har ranar da ya baje su a teburin cin abinci ya ɗaure su da hannunsa. In ya dawo aiki sai ya yi wanka ya zauna ya buga gem, wato wasan kwamfuta, da abokansa, wasu a Suva, wasu ma a ƙetare. Uban bai gane komai a ciki ba, amma yakan tsaya a bakin ƙofa da kofin shayi yana kallo yana murmushi.

Sai ga Waisake, ɗan Akanisi, yayar Apakuki. A wurinmu ɗan 'yar'uwa a gidan kawunsa ba a yi masa iyaka, abin da idonsa ya faɗa a kai ya zama nasa. Ya zo ina kasuwa, Ila na wurin aiki. Ya zauna, ya sunkuyar da kai, ya ce karatu zai yi da ita. Apakuki ya cire wayoyi, ya goge ta tas, ya kai ta tasi a kafaɗarsa.

Da Ila ya dawo ya tarar da teburin ɗakinsa wayam, tambaya ɗaya ya yi, uban ya ba shi amsa. Na so a ce ya yi ihu, ya fasa kofi, ya zagi wani. Bai yi ba. Ya ci abinci, ya wanke kwanonsa, ya shiga ɗaki. Ba a jima ba ya sa sunansa cikin masu tafiya aikin mayanka a Kwinsilan ta Ostireliya. Ranar da muka raka shi filin jirgi a Nadi, ni ya rungume ni, uban kuwa hannu ya miƙa masa kamar wanda suka haɗu a layin banki.

Daga nan sai shiru tsakaninsu, shekara da shekaru. Ila yana kirana duk mako, mu sha hira, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ƙafata mai ciwo. Da zarar ya ji motsin uban sai ya ce an kira shi aiki. Apakuki ya koyi fita tsakar gida in wayata ta yi ƙara, wai don kada ya katse mana magana. Ina ganinsa ta taga yana juya ƙarfen da bai da abin yi da shi, abin ya ba ni tausayi ya kuma ba ni haushi lokaci guda.

To, a shekarar da kowa ya haukace da kirifto, kuɗin nan na intanet, Ila ya ce mini zai zo Kirsimeti. Ban gama murna ba ya ƙara da cewa a gidan wani abokinsa zai sauka a Nadi, in zo can mu gaisa. Ɗana, a ƙasarsu, ya kwana a gidan wasu, ɗakinsa yana nan ina share shi. Na gaya wa Apakuki ba tare da na sassauta ko kalma ɗaya ba. Na ce in yaron nan ya zo ya koma bai taka gidan nan ba, to ya sani ba zai sake takawa ba har abada. Sai ya ce zai haɗa masa wata kwamfutar, kuma kada in gaya masa.

Mutumin da ko saƙo a waya ni nake rubuta masa.

Akwai wani Salendra, Ba'indiye mai shagon kwamfuta a bayan tashar mota, yaro mai haƙuri, Allah ya saka masa. Shi ya yi wa Apakuki bayani cewa abin da ake fara zaɓa shi ne madabod, faffaɗan allon nan da ake dasa duk kayan cikin kwamfuta a kansa. In ka zaɓi allo ka gama zaɓen komai, don shi ke cewa ga abin da zai shiga, ga wanda ba zai shiga ba. A jikinsa akwai ramuka da ake soka katin hoto, kuma katin nan shi ke zana gem a fuskar kwamfuta. Da a nan maganar ta tsaya da an huta. Amma abokan shan yangonarsa, waɗanda suke zama su daka saiwa su jiƙa su yi ta sha suna warware matsalolin duniya, sun riga sun cika masa kunne cewa katin nan dai shi ke haƙo kirifto. Wai ka kunna na'ura ka tafi harkarka, ita tana tara maka kuɗi a cikin waya. A cikinsu babu wanda ya taɓa ganin kuɗin da idonsa. Apakuki ya dawo gida yana cewa ashe kwamfutar ma ita za ta biya wutar da take sha, kuma Ila zai ga ubansa ba a bar shi a baya ba.

Allo uku Salendra ya ajiye masa a kan kanta. Na farko mai tsada ne, da fitilu masu canza launi, wannan ko kallonsa ba mu yi ba. Na biyu matsakaici, kuɗinsa da sauƙi, dogon rami ɗaya na katin gem da ƙanana biyu a gefe. Na uku wani dogo ne mummuna, shi ma mai araha, ramuka takwas jere reras, ɗaya dogo sauran ƙanana, wanda aka yi shi don masu haƙa kawai.

Apakuki ya yi makonni yana sintiri a shagon nan. Ya je ya ɗaga wannan, ya ajiye, ya ɗaga wancan, ya juya bayansa ya duba ɗinkin dalma, wai yana ganin aikin mai walda ne ko na maƙetaci. Ya sha shayin Salendra, ya yi godiya, ya fito bai sayi komai ba. Da na ga watanni na tafiya, Kirsimeti na matsowa, wata rana na rufe kayana da buhu na bar wa maƙwabciya, na tasa shi gaba muka tafi tare.

"Maigida, don Allah yau ka gaya mini gaskiya a gaban Anti," in ji Salendra. "Gem yaron zai buga, ko kirifto za ka haƙa?"

"Duka biyun."

"To ga na tsakiyan nan. Zai ɗauki ƙwaƙwalwa mai ƙarfi, gem zai tafi sumul, in kana son haƙar ma ka ƙara kati ɗaya ko biyu. Wancan dogon kuwa ƙwaƙwalwar da yake ɗauka ƙarama ce. Haƙa kawai ya sani. In ka sa masa gem ɗingishi zai yi ta yi."

Na ce to magana ta ƙare, a naɗe mana na tsakiya. Apakuki bai ko kalle ni ba. Yatsansa na kan dogon, yana bin ramukan ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan, in an cika shi da kati, aka zo aka ciri ɗaya, sauran za su ci gaba da aiki?"

"Za su ci gaba."

"In aka ciri biyu fa? Ko uku?"

"Ko bakwai ka cire, maigida, in dai na dogon ramin yana nan, kwamfuta za ta tashi."

"To shi nake so."

Salendra ya dube ni, na dube shi. Na tambayi mijina, a gaban yaron mutane, ko kunnensa ne ya toshe, bai ji an ce ɗingishi ba. Sai ya juyo, da fuskar nan tasa ta mutumin da ya gano wata babbar dabara.

"Maman Ila, wancan karon abu ɗaya ne a gidan, shi ya sa da aka roƙa ya tafi gaba ɗaya. Wannan kuwa in an zo sai in ciri ɗaya in bayar. In an sake zuwa in ciri wani. Ko yaya aka yi, na Ila zai rage."

Ashe duk sintirin da ya yi ba gem yake aunawa ba, ba kirifto ba. Mutumin nan ya zauna ya yi tunani iya tunaninsa a kan yadda zai kare kayan ɗansa daga dangi, kuma ko sau ɗaya bai zo masa a rai ba cewa ana iya cewa a'a. Tanadin abin bayarwa ya yi. Salendra ya naɗe allon yana girgiza kai, ya ce in mun canza shawara mu dawo da shi, zai karɓa.

Katunan ba da kuɗi muka saya ba, don a lokacin tsadarsu ta wuce hankali. Salendra yana da tsofaffi da ya kwaso daga wani gidan gem da ya rufe. Apakuki ya yi masa ƙarafunan shago, ya yi masa ƙyauren gida, ya gyara wa mahaifiyarsa rufin kicin, ana biyansa da kati. Duk Asabar ɗinsa a can ta ƙare. Ya rame, idanunsa suka yi ja saboda wutar walda, amma sai da ya cika ramukan nan takwas. Ya haɗa wa abin wani kejin ƙarfe da ragowar rodi, Salendra ya zo ya jona komai, aka kunna.

Na ce a kai ta ɗakin Ila a kulle. Ya ce Salendra ya ce iska take so, kuma falo ne mai tagogi ta ko'ina. Saboda haka a falo ta zauna, daidai inda duk wanda ya shigo zai fara ajiye ido. Ga ƙara, duk kati da fankarsa, fanka takwas suna kuka wuni guda, wasu har da tari. Ga zafi, a garin da ko ba na'ura gumi muke. Amfani ɗaya na samu da ita, da damina ta kankama nakan shanya wanki a gefenta ya bushe nan da nan. Tsaka ta shiga ciki ta ƙone, falon ya yi kwanaki yana wari. Ranar da takardar wuta ta zo sai da na nemi kujera. Kirifton kuwa, Salendra ya ce yana taruwa kaɗan-kaɗan a cikin waya. Ni dai ban taɓa sayen ko gishiri da shi ba.

Labari ya zaga dangi cewa Apakuki ya sayi injin kuɗi. Na farkon zuwa wani ɗan ƙaninsa ne, wai kwamfutarsa ba ta ɗaukar gem. Aka ciri ɗaya. Sai shugaban matasan coci, wai za su riƙa haska waƙoƙi a bango. Aka ciri wani. Wanda har yau in na tuna nake jin jinina yana hawa shi ne wani tsoho daga ƙauyensu, wanda ya zo asibiti ya kwana wurinmu. Ya ga abin yana hura iska, ya ɗauka fanka ce, ya ce kerekere. Tsibirin da zai koma ko wutar lantarki babu. Apakuki bai iya ce masa ba fanka ba ce, don kada tsoho ya ji kunya. Ya cire, ya naɗe masa a jarida.

Kuma duk wanda ya tafi, sai ya dawo ya danna maɓalli, fitila ta kama, ya waiwayo ya ce, "Kin gani? Tana aiki." Da alfahari yake faɗa. A ganinsa dabara na tafiya yadda ya tsara. Ni kuwa ina kallon ramuka suna buɗewa kamar bakin tsoho, ina lissafin saura nawa a zo kan na Ila.

Kafin watan Kirsimeti ya kama, kati ɗaya ya rage, na dogon ramin. Ƙarar ta ragu, haƙar ta tsaya, falo ya yi sanyi. Na ce to ko ba komai an zo ƙarshe, babu sauran abin cira. Ashe ban san komai ba.

Saƙo ya zo daga Akanisi cewa ranar Lahadi bayan coci za ta zo ita da Waisake, kuma da saiwar yangona za su zo. Wanda ya zo da yangona a hannu ba hira ta kawo shi ba, roƙo ne na gaske, irin wanda ake yi a gaban Allah da kakanni. Ba mu sha wahalar sanin abin da suke so ba, don Waisake ya riga ya gaya wa duk garin. Kwamfutar Ila ta farko ruwan guguwa ya cinye ta tuni. Yanzu ya ji kawunsa yana da allo mai rami takwas, shi kuma yana da abokin da zai samo masa katuna. Ba kati yake so ba. Allon yake so, da kejin, da komai.

Ranar Asabar da rana na dawo daga kasuwa na tarar da Apakuki a durƙushe gaban na'urar da tsumma a hannu, yana goge ta lungu-lungu. Na san gugar nan. Ita ya yi wa firiji, ita ya yi wa injin kwalekwale. Na ajiye kwandona na buɗe masa wuta. Abin da ban faɗa ba a shekarun aurenmu ranar na faɗe shi, tun daga ƙofar kicin har zuwa hannun da ɗansa ya miƙa masa a filin jirgi. Na ce shi ba mai kyauta ba ne, matsoraci ne, yana sayen sunan kirki a wurin dangi da hawayen gidansa. Na san maganar ta yi zafi, kuma da gangan na faɗa.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce in tuna lokacin da teku ta ci mahaifinsu shi yana ƙarami, Akanisi ce ta bar makaranta ta goya shi. Ita ta saƙa tabarmi ta sayar ta kai shi koyon walda. Injin waldarsa na farko kuwa, gida-gida ta bi da yangona a hannu tana sunkuyar da kai har aka haɗa masa.

"Duk abin da hannun nan ya iya, roƙo mini shi aka yi," in ji shi. "Yaya zan kalli Yaya in ce mata a'a? Na gwada a raina, Maman Ila. Bakina ba ya buɗuwa."

"Kai an roƙa maka. Ɗanka fa? Shi wa zai roƙa masa?"

Ya ci gaba da gugar wurin da ya riga ya goge, hawaye na bin gemunsa. Na tsani ganin ƙaton namiji yana kuka, musamman in ni ce da gaskiya.

Na ɗauki wayata na zagaya bayan gida ƙarƙashin mangwaro na kira Ila, kiran da ake ganin juna. Ranar hutunsa ce, yana ɗakinsa. Na karya alƙawarin da na yi wa uban, kuma ban yi nadama ba. Na dawo falo, na juya wayar na nuna masa na'urar. Apakuki ya miƙe ya koma bakin ƙofa, kamar yadda ya saba.

Ila ya ƙura ido, sannan ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Mama, wa ya sayar masa da wannan? Ai allon haƙa ne. Ko gem ɗin yara ba zai ja da kyau ba. Cutarsa aka yi."

Na ce ba wanda ya cuce shi, an ba shi na kirki ya ƙi. Na gaya masa tambayar da uban ya yi a shago da amsar da ya ba ni, kalma da kalma. Na gaya masa ƙyauren Salendra da rufin kicin da jajayen idanu. Ya tambayi ramukan da ba komai, na ce dangi. Ya tambayi katin da ya rage, na ce nasa ne, kuma gobe bayan coci shi ma zai tafi, da allon da kejin, don gwaggonsa na zuwa da yangona. Na ce ban kira don in roƙe shi komai ba, na kira ne don ya gani da idonsa kafin a ɗauke.

Ila ya sake duban na'urar ta cikin wayar. Sai ya ce, "Ba shi wayar."

Apakuki ya karɓa da hannu biyu. Ina tsaye a kafaɗarsa ina gani. Ila ya jingina wayarsa da wani abu, ya cire hular da ke kansa, ya sauko daga gado ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa. Ya sunkuyar da kai. Yaron da ya bar ƙasar nan saboda kalmar nan.

"Baba, kerekere. Na'urar nan nake roƙo, da allon, da katin, da kejin."

"Haba Ila, ai taka ce. Don kai na..."

"A'a, Baba. Waccan ma ai tawa ce. Roƙo nake yi. Ka amsa mini yadda kake amsa musu."

Apakuki ya zauna a tabarma shi ma. Ya miƙo mini wayar in riƙe, ya kumbura tafin hannunsa ya tafa, tafin nan mai zurfin sauti da ake yi in an karɓi magana. Ya ce ya ji, ya bayar, ta fita daga hannunsa. Ila ya tambaye shi lafiyar idonsa, shi kuma ya tambayi ko akwai sanyi a can. Na bar su na shiga kicin, don albasa na jirana.

Lahadi Akanisi ta zo da Waisake. Aka zauna, aka ajiye yangona, ta yi jawabinta mai tsawo yadda ake yi. Apakuki ya karɓi saiwar, ya tafa, sannan ya ce, "Yaya, kin makara. An riga an roƙa jiya, na bayar. Ba tawa ba ce yanzu." Waisake ya ɗago kai ya ce wane ne, kamar zai je ya ƙwato. Da uwar ta ji sunan Ila sai ta manta da na'urar gaba ɗaya. Ta kama hannun ƙaninta ta ce, "Ya yi maka magana?" Ya gyaɗa kai. Ta ja bakin zaninta ta rufe fuska. Ban taɓa zaton abin yana damunta ba, kuma na ɗan ji kunyar wasu abubuwan da na faɗa a kanta a kasuwa.

Amma wanda ya kawo yangona ba ya komawa hannu wofi, kuma mijina mijina ne. Babbar tukunyata ta biki, wadda nake dafa gwazar mutum hamsin a ciki, ita ta bi su. Ya goge ta, ya kai ta tasi. Na ƙyale shi ranar, amma bai gama jin maganar tukunyar nan ba har gobe.

Ila ya sauka ana saura kwanaki Kirsimeti. Tasin da ya ɗauko daga Nadi a ƙofarmu ta tsaya. Ya shigo da jakarsa ya wuce ɗakinsa ya ajiye, kamar jiya ya fita. Bayan ya ci kifi da madarar kwakwa har ya kasa tashi, shi da uban suka ɗauki na'urar suka kai ta teburin da ya daɗe wayam. Ya sa gem. Salendra bai yi ƙarya ba, ɗingishi ta yi ta yi, mutumin cikin gem ya ɗaga ƙafa ya tsaya a sama, sai can ya sauke. Apakuki bai tsaya a bakin ƙofa ba wannan karon, yana zaune a gefen gado da kofin shayinsa. Ya tambaya ko tana aiki da kyau. Ila ya ce lafiya lau take.

Washegari ina fitar da kayansa masu datti daga jaka, hannuna ya taɓa wani kwali a ƙasa. Madabod ne sabo fil, ko ledarsa ba a yage ba, irin matsakaicin nan na gem. Ashe ya sayo ne don ya canza. Na ɗaga na nuna masa, ya leƙa falo ya ga uban yana can, ya ce, "Bar shi, Mama. Wannan ɗin ma tana yi."

Ya gama hutunsa a gida, a ɗakinsa, yana buga gem mai ɗingishi a kan allo mai rami bakwai a buɗe. Da zai koma bai ɗauki kwalin ba. Yana nan ƙarƙashin gadona a bayan akwatin zannuwa, kuma ban gaya wa Apakuki ba, don na san ranar da ya sani, ranar wani zai zo ya zauna a tabarma.